Watan Ashirin da Biyar

A Ɗambatta, wani mai sayar da taki da hatsi ya daɗe yana lissafi a littafi mai baƙin bango, littafin bai taɓa yi masa gardama ba. Bana ɗansa ya dawo daga birni da kwamfuta, ya juye komai a Excel, ya ce saura manhajar lissafi ta haɗiye.

Manhaja ta ƙi haɗiya.

Rigimar farko ta kwanan wata ce. An rubuta 25/10, ita kuwa tarbiyyar Amurka gare ta, inda wata ke gaba, rana na biye. Ta ce ba ta san watan 25 ba. Waɗanda ta karɓa ma sun fi ɓarna: sabon geron da aka sayar 3 ga Nuwamba ta mayar da shi 11 ga Maris, wato an cinye kuɗinsa tun kafin ruwan shuka.

Sai waƙafi. A fayil ɗin CSV da aka fitar daga Excel aka miƙa wa manhaja, waƙafi ke raba gida da gida, don haka 45,000 ta tsage biyu. Buhun taki ya koma naira 45, sifili uku suka tare a maƙwabta. Ƙugiyar harafi kuma ta zama alamar tambaya, garin kansa ya koma ?ambatta.

Duk wannan, yaron ya gyara kafin la'asar. Inda gizo ke saƙa shi ne gidan ranar biyan bashi. Manhaja na neman rana da wata da shekara. Uban ya gyara tabarau, ya karanto abin da ke gaban sunan kowane manomi: sai kaka.