Jiya Fa Lafiya Lau Yake Aiki

Duk cikinmu, mu masu kula da sabar da shafukan intanet ke zaune a kanta, babu wanda bai taɓa ɗaga waya da sassafe ya ce, "Wallahi yallaɓai ban taɓa komai ba, jiya fa lafiya lau yake aiki." Kuma har zuciyarmu mun yarda da abin da muka faɗa, don a lissafinmu ɗaga Ubuntu daga wannan fitowa zuwa ta gaba ba ya cikin taɓawa, sabuntawa ce kawai, ko da kuwa ta sauya Apache da PHP da MySQL duk a dare ɗaya.

Ku dubi ma lokacin da muke zaɓa. Ubuntu mai dogon tallafi tana fitowa ne duk shekara biyu a watan Afrilu, kuma ana kula da kowace fitowa shekara biyar cur. Duk sa'ad da muka shiga sabar sai ta gaishe mu da albishir cewa sabuwa ta fito, mu kuwa mu kau da kai, shekara ta zo ta wuce, wata ta biyo baya, sai ana gobe makaranta za ta buɗe rajistar ɗalibai, ko ana jibi oga zai nuna wa baƙi shafin kamfani, sannan zuciya ta ce yau ne ranar. Iyayenmu sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar ce muke zuwa neman goran. In aka tambaye mu kwafin ko-ta-kwana mu ce yana nan, kuma gaskiya ne yana nan, a cikin ita sabar da za a ɗaga, gefen wasu fayiloli masu suna tsoho da tsoho2 da na-gaskiya, waɗanda ko mai su ba zai iya rantsuwa a kan wanne ne mai aiki ba.

Ita na'urar ba ta ɓoye mana komai, abin da nake so mu yarda da shi ke nan. In ka buga do-release-upgrade daga nesa, sai ta buɗe maka wata ƙofar SSH ta biyu a lamba 1022, don ko layi ya yanke ka samu hanyar komawa, kuma duk wanda ke aiki a inda ake ɗauke wuta ba sallama ya san wannan rahama ce. Can tsakiyar aiki sai ta tsaya ta ce ga fayil ɗin saitin da ka gyara da hannunka, ga kuma sabo da ya zo, wanne za a bari? Ta ce in kana son ganin bambancinsu danna D. To jama'a, tsakani da Allah, mu nawa ne muka taɓa danna D ɗin nan? Enter muke dannawa, ido na kan waya, shayi na hucewa. Duk da haka ba ta zubar da komai: in ka riƙe naka, sabon yana gefe da wutsiyar .dpkg-dist, in ka karɓi sabon, naka yana nan da .dpkg-old. Abin kamar 'yan jere ne suka shiga ɗakin amarya, kaya duk suna nan, wuri kawai aka sauya musu, sai mai ɗaki ta shigo cikin duhu ta yi ta tuntuɓe.

Waɗanda suka daɗe a harkar ba su manta da 2014 ba, shekarar da Ubuntu 14.04 ta zo da Apache 2.4 a madadin 2.2 na cikin 12.04, 'yan Debian kuma suka sha tasu a 2015 da fitowar Jessie. Abu uku aka sauya, kowanne ya isa ya hana mutum barci. Tsohon salon ba da izini na Order da Allow from all ya ba wa Require all granted wuri, fayil ɗin kowane shafi a cikin sites-available dole sunansa ya ƙare da .conf ko Apache ya yi kamar bai san da shi ba, sannan mazaunin shafi ya tashi daga /var/www ya koma /var/www/html. Sai gari ya waye allo na cewa 403 Forbidden, mu kuma mu zaro maganinmu na gado, chmod 777 a kan folda gaba ɗaya. Ba ya warkar da wannan ciwon, don Apache ne ya hana shiga da dokarsa, ba izinin fayil ba, amma muna yi, kuma bayan an gano ainihin matsalar ba mai komawa ya rufe. Haka foldar za ta zauna, kowace manhaja da ke cikin sabar tana iya rubutu a cikinta, alhali sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bayanan mutane ne a ciki, sunayensu da lambobinsu da sakamakon jarrabawar 'ya'yansu. 'Yan'uwanmu na ɓangaren CentOS kada su yi mana dariya, su ma setenforce 0 ne tasbihinsu, a kashe SELinux "na ɗan lokaci" har sabar ta tsufa.

PHP kuwa ita ce mai yawan sa mu kuka. Ubuntu 16.04 ta zo da PHP 7.0 a 2016, wadda ta cire mysql_connect da danginta, duk da tun PHP 5.5 a 2013 ake ta gargaɗi cewa za a cire su, mu kuma muka kashe gargaɗin don yana ɓata mana fuskar shafi. Sakamakon shi ne farin allo fat, ko harafi babu. Daga 20.04 zuwa 22.04 aka tashi daga 7.4 zuwa 8.1, sai Apache ya ƙi tashi yana cigiyar libphp7.4.so da ba ya nan, alhali a2dismod php7.4 da a2enmod php8.1 sun isa. Masu Nginx nasu 502 Bad Gateway ne, don saitinsu yana nuna php7.4-fpm.sock, sabon kuwa sunansa ya sauya. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne in Apache ya tashi ba tare da PHP ba, ya riƙa miƙa wa kowa fayil ɗin ɗanye, wataƙila har da kalmar sirrin rumbun bayanai a ciki. Wannan in ya faru, sauya kalmar sirri wajibi ne, ko da an gyara cikin minti biyar.

Amma kafin mu kai ga gano ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai mun cika al'ada. Mu sake kunna Apache, ya ƙi, mu sake, ya ƙi, mu kashe sabar gaba ɗaya mu kunna, mu cire Apache mu mayar, mu yi mamakin ganin matsalar na nan daram, alhali apt remove ba ya taɓa fayilolin saiti, su kuwa su ne masu ciwon. Mai zafin zuciya ya buga purge, garin neman gira ya rasa ido. Duk wannan dambe ana yin sa ne error.log na zaune a /var/log/apache2 da bayani a rubuce, kuma apachectl configtest ko nginx -t zai faɗa maka sunan fayil har da lambar layin da aka yi tuntuɓe a kai.

Ƙannenmu ɗalibai masu XAMPP ma sun gaji halin. Lokacin da aka yi ta ɗaga kwamfutoci zuwa Windows 10 a 2015, da yawa sun tarar Apache ya ƙi tashi saboda wani sashen IIS ya riga shi zama a ƙofa ta 80, kamar yadda Skype ya saba yi a da, sai a yi ta sake sauke XAMPP ana ƙona data, ga malami na jiran aikin kammala karatu. Masu Mac kuma sun saba duk sabuntawa ta sauya musu httpd.conf, har Monterey ta zo a 2021 babu PHP a cikinta sam.

Wajen raba laifi kuwa ba a barinmu a baya, netwok ne, masu kutse ne, yaron nan ne da ya bar aiki bara, laifi tudu ne dai. Sai dai akwai halinmu guda da nake alfahari da shi: ƙarfe biyun dare za ka kira ɗan'uwa, ya tashi ya ce, "Injiniya, me log ya ce?" ka tura masa hoton allo da ka ɗauka da waya a karkace, fuskarka na ciki, ya ƙura ido ya karanta, ya zauna da kai har shafi ya dawo, ko kuɗin kati ba zai karɓa ba. Da safe mu ce wa oga "an gyara", ba wanda ya rubuta abin da aka yi, bayan shekara biyu mu sake kiran mutumin a kan matsalar.

Wasu kuma daga daren nan suke rantsuwa ba su ba sabuntawa har abada, kuma wannan ya fi haɗari, don CentOS 7 ta daina samun facin tsaro tun 30 ga Yuni 2024, tallafin yau da kullum na Ubuntu 20.04 ma ya ƙare a watan Mayun 2025. Ɗan'uwa, in sabar taka tana cikin waɗannan, don Allah ka kwashe kwafi zuwa wata na'ura daban, ka gwada ɗagawar a sabar gwaji tukuna, ka zaɓi ranar da ba kowa ke jiranka, kuma in ta tsaya tana tambayarka a kan fayil ɗin saiti, ka danna D ka karanta.