Ƙwanji a Cikin Roba

Duk wanda ya leƙa gidan motsa jiki a Kano ko Kaduna bayan La'asar zai tarar da aiki iri biyu: ɗaga ƙarfe da girgiza gora. Ƙarafunan sukan sami hutu, gorunan kuwa ba sa samu. A cikinsu akwai garin furotin, da kiriyatin, da wasu ruwaye shuɗi da ja waɗanda ba a san asalinsu ba. Kowace gora kuma da irin mai ita.

Na gaba-gaba shi ne Alhajin Roba. Shi tun kafin ya biya kuɗin rajista ya sayi ƙatuwar robar furotin 'yar Amurka, wadda kuɗinta ya haura naira 70,000 ɗin da aka yanke a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi. A kujerar gaba take zama a mota, ta yadda duk wanda ya zo gaisawa zai gan ta. In ya shigo, sai ya kwashe minti ashirin yana girgiza, minti goma a gaban madubi, ya taɓa ƙarfe sau biyu, waya ta yi ƙara, shi ke nan an tashi. Abin da ke cikin robar ba wani sirri ba ne: ruwan da ke tsatsafowa ne idan an daskarar da madara za a yi cuku, aka tace shi aka busar. Ludayi ɗaya yana ɗauke da furotin wajen giram 24, kwatankwacin ƙwai huɗu da mai shayin ƙofar gidan zai soya masa. Garin yana da amfani, amma da sharaɗi. Wani nazari da aka fitar a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 49, ya nuna cewa amfanin furotin wajen gina tsoka yakan tsaya ne a kusan giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai kilo 70 ke nan giram 112 ya ishe shi, har da wanda ya samu a wake da nama da nono. Kuma duk waɗanda aka gwada ɗin ƙarfe suke ɗagawa. Na Alhaji dai tumbi ne ke karɓar rabonsa, kuma yana godiya.

Sai Farfesa. Ba a taɓa ganin gumi a goshinsa ba, amma babu giram ɗin da bai haddace ba. Mutum na tsakiyar nishi a ƙarƙashin ƙarfe zai sunkuyo: “Mutumina, in ka wuce minti talatin ba ka sha furotin ba, ka yi aikin banza.” Binciken baya-bayan nan ya nuna lokacin ya kai sa'o'i, kuma jimillar abin da aka ci a yini ya fi muhimmanci, amma Farfesa bai kai wannan shafin ba tukuna. Abin haushin shi ne a kan kiriyatin yana da gaskiya. Wani masani Bafaranshe, Michel Chevreul, ya gano sinadarin a cikin nama tun 1832, ya kuma yi tashe bayan wasannin Olamfik na Basalona a 1992. Aikinsa shi ne taimaka wa tsoka ta maido da makamashinta da sauri a yunƙuri mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, irin ɗaga nauyi ko gudun mita ɗari. Giram 3 zuwa 5 a yini ya wadatar, abin da sai an ci kusan kilo guda na nama kafin a samu. Yana cikin 'yan ƙalilan da bincike ya tsaya musu, ko da yake mai ciwon ƙoda ba ya taɓa shi sai da izinin likita.

Matsalar Farfesa a gida take. Kiriyatin farin gari ne, ba ƙamshi ba wari, ana auna shi da ɗan mitsitsin cokali. Ranar da Hajiyarsa ta shiga share ɗaki ta ci karo da shi, ba ta ce uffan ba. Bayan Magariba sai ga Kawu a tsakar gida, robar tana gabansa a kan darduma.

“Zauna nan. Tun yaushe ka fara?”

“Kawu, na ƙwanji ne wallahi.”

Kawu ya dubi damtsen, ya dubi robar. “To ina ƙwanjin?”

Akwai kuma Mai Wuta, wanda ba ya iya ɗaga ko tsinke sai ya kwankwaɗi garin tada kuzari. Ludayi ɗaya na irin waɗannan yakan ƙunshi sinadarin kafin miligiram 200 zuwa 300, shi kuma ya kora da lemon ƙarin kuzari mai sanyi, alhali hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 ne iyakar da baligi mai lafiya zai sha a yini hankali kwance. Minti goma sai ya fara sosa fuska da kunne yana murna: “Ya fara aiki!” Ƙaiƙayin na wani sinadari ne mai suna beta-alanin, kuma ba shi da alaƙa da ƙarfin wannan yammacin, amfaninsa sai an yi makonni ana sha. Kafin ɗin dai yana aiki, ba musu, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ma ta cire shi daga jerin haramtattu tun 2004. Sai dai yakan ɗauki wajen sa'o'i biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha da ƙarfe bakwai na yamma, ƙarfe biyun dare yana ƙirga layukan silin, ga shi kuwa a cikin barci ne tsoka take gyara kanta. A gefensa wani tsohon soja yana tuka keken motsa jiki a hankali, da ɓarin goro a kumatu. Kafin ɗin ɗaya ne, na Baba ya fi araha.

Hajiyar Shayi ba ta daɗewa. Ta zo rage tumbi, ta yi kwana uku, aka haɗa ta da mai sayar da shayin da ke “narkar da kitse”. Galibin irin wannan shayi filasko ne a ciki, wanda ko kakarta ta san aikinsa. Sikeli zai nuna ta ragu, amma ruwa ne ya tafi, ita kuma ta san hanyar bayi da ido rufe. A wasu ma an sha gano sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Ango. Yakan bayyana saura mako shida biki, siriri kamar sillen kara, ya ja mai horarwa gefe: “Oga, ka rufa mini asiri, an sa rana.” In aka gaya masa gaskiya, cewa tsoka ba ta san ranar ɗaurin aure ba, sai ya zarce kemis ya nemi sha-ka-fashe. Haɗin yawanci dekzametason ne da wani maganin da ke buɗe ciki. Kumatu za su cika, wuya ya yi kauri, abokai su fara “ango ka sha ƙamshi”. Amma ruwa ne da kitse. Dekzametason cinye tsokar hannu da cinya yake yi, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya daina farat ɗaya yana iya kwana a asibiti. Duk wannan a kan ranar da za a zuba masa babbar riga, wadda ko ƙwanjin ɗan dambe Shago ne a ƙarƙashinta ba mai gani.

Ɗan Gargajiya shi kallon kowa yake yana taɓe baki. Fura da nono, kunun gyaɗa, awara, ƙuli-ƙuli, kilishi in an samu. Da wuya a kayar da shi a muhawara, don waken suya da gyaɗa cike suke da furotin. Laifinsa ɗaya: duk abin da ya zo a roba “kemikal” ne, amma baƙin ruwan da mai amalanke ya dura masa a tsohuwar kwalba, wanda ba wanda ya san me aka jiƙa a ciki, wannan lafiyayye ne.

A tsakiyar su duka Dillali yake zaune da jakarsa. Yakan sayar da gari ludayi-ludayi a farar leda, ba suna, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC. Aka tambaye shi, amsa ɗaya ce: “Ranka ya daɗe, daga Amurka aka kawo.” Ko da gaskiya ya faɗa, ba hujja ba ce. Dokar da Amurka ta yi a 1994 ta bar kamfanoni su kai irin waɗannan kaya kasuwa ba tare da hukumar FDA ta fara amincewa da su ba. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya taɓa sayo samfuri 634 daga ƙasashe 13, ya tarar 94 daga ciki, kusan kashi 15 cikin ɗari, suna ɗauke da sinadaran ƙara tsoka haramtattu waɗanda ba a rubuta a jikin robar ba.

Babban kwastoman Dillali shi ne Ɗan Ƙwallo, mai jiran ranar da za a kira shi gwaji a Turai. Duk abin da aka miƙo masa haɗiyewa yake yi, har da tiramadol ranar wasa, wanda WADA ta haramta a lokacin gasa tun daga watan Janairun 2024. Ƙa'idar hukumar kuwa ba ta jin “ban sani ba”: abin da aka samu a fitsarin ɗan wasa, nasa ne. Paul Pogba ya ɗanɗana. An gwada shi a Agustan 2023 bayan wasan Juventus da Udinese, aka dakatar da shi shekara huɗu, kafin kotun wasanni ta rage zuwa wata 18 bayan ta yarda cewa wani ƙarin abinci da likita ya ba shi ne ya jawo. André Onana na Kamaru ma, lokacin yana Ajax, wata tara ya yi a gefe a 2021, don ya ɗauki ƙwayar matarsa yana zaton ta ciwon kai ce. In aka ba Ɗan Ƙwallo waɗannan labarai sai ya yi dariya, ya ce ai a filin unguwa ba a gwada fitsari. Ya ɗaure takalmi, ya juya wajen Dillali ya ce a rubuta masa bashin ludayi biyu zuwa ƙarshen wata.