Ango da Rigarsa, Mu da Ankonmu

Mu dai a unguwar nan, da an sa ranar ɗaya daga cikinmu, zancen shadda ke riga zancen sadaki zuwa majalisa. Babban aboki ne ke buɗe taro: "To jama'a, wace kala za mu fitar?" Nan fa ake yin ta. Wannan ya ce ruwan toka, wancan ya ce ruwan ƙasa, wani ya rantse shuɗi ba ya karɓarsa a hoto. Fari kuwa ba mai taɓa shi, na ango ne ranar ɗaurin aure.

Shi ango al'ada ta riga ta yanke masa. Babbar riga da 'yar ciki da wando, yadi goma na shadda, in da hali Getzner, wadda ake saƙawa a Ostiriya, ta biyo ta Kantin Kwari ta iso mana. Aikin gaba kuma na hannu, irin na Zazzau, aska biyu ko aska tara, wanda mai allura zai kwashe makonni a kansa. A kai zanna bukar, a ƙafa sau-ciki. In ɗan gidan sarauta ne, a ƙara rawani da alkyabba. Sai ka ga bawan Allah ya wuni yana tattare hannun riga yana azawa a kafaɗa, tana zamewa yana mayarwa, gumi na bin wuyansa, bakinsa bai daina "na gode" ba.

Mu abokai namu mai sauƙi ne a baki: yadi biyar, kaftani da wando, hula iri ɗaya. Wuyar tana wurin biya, da kuma wurin tela. "Alhaji, gobe da yamma in sha Allahu," haka zai yi ta faɗa har ranar ta zo. Kowane biki sai an samu wanda ake shafa fatiha yana tsaye a shago da singileti, ana ɗaura masa maɓalli.

Dina ce ta kawo mana kwat da taye. Da wani dattijon layinmu ya ga samari sun fito a shaƙe cikin zafin bazara, sai ya ce, "Yara, kotu za ku, ko ɗaukar aiki ake yi?"

"Baba, ai zamani ne."

"To, Allah ya ba zamanin iska."

Wanda ya fi ba mu ciwon kai shi ne abokin da ke karya doka. An ce kaftani, shi sai ya ɓullo da babbar riga tana sheƙi, ƙamshin turare na gaba yana baya. Dangin amarya da suka zo daga nesa su yi ta miƙa masa hannu suna "Allah ya sanya alheri", maroƙi ya bi shi da kirari, angon gaskiya na gefe yana kallo. Shi ya sa yanzu muka kafa sharaɗi: babbar riga ɗaya ce a cikinmu ranar ɗaurin aure, mai son tasa ya nemo mata.

Wanda kuma kuɗin anko ya gagara, ya kai tsohuwar hularsa wurin mai wankin hula, ya goge abin da yake da shi, ya zo. Daren sayen baki ƙawayen amarya ba su taɓa tambayar sunan shaddar kowa ba. Nawa kuka zo da shi, ita ce tambayarsu.