Zuwa ga Sarkin Albasa, mai niyyar ƙetare ruwa

Taubashi, bawana na Sabon Gida, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara gaishe ni.

Labari ya iske ni cewa ka tara mutane a tashar albasa kana rantsuwa bana sai ka taka tsibirin Lete. Wai wani direba mai kai kaya Gaya ne ya ba ka labarin kifi da kindirmo, tun daga ranar barci ya ƙaurace maka. Ban hana ka ba. Mutumin da duk ruwan da ya sani a duniya shi ne fadamar Tarka in ta kawo cikin Agusta, ita ma daga kan tudu yake leƙenta yana tattare wando, ya kamata a bar shi ya ga kogi kafin haƙora su ƙare. Lokacin da ka zaɓa ne ya ba ni dariya. Ka ce sai ka cire albasa ka zuba a rudu, wato Afrilu. Nan na gane kana yi wa kogin Isa lissafi da kalandar garkarka.

Bari in fara gaya maka inda za ka, don na tabbata ba ka sani ba. Daga Madawa ka bi kwalta ta Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi har Doso, sannan ka karya kudu wajen kilomita 150 zuwa Gaya. Lete na sama da Gaya, tsakiyar kogi, daura da ƙasar Karimama ta Benin. Tsawonsa ya kai kamar kilomita 16, faɗinsa kamar 4, kuma Fulani makiyaya ne mafi yawan masu zama a kansa. Kada ka raina shi. Tun 1960 ake ja-in-ja a kan wannan ƙasa, har a ƙarshen 1963, zamanin Diori Hamani, rigimar ta kai Nijar ta sallami ma'aikata ƴan Dahomey, wato Benin ta yanzu, daga ƙasarta. Sai ranar 12 ga Yulin 2005 kotun duniya da ke Hague ta raba gardama. Ta bi hanyar da jiragen ruwa ke bi, inda kogin ya fi zurfi, ta ce nan ne iyaka, ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Ƙasashe biyu sun yi shekara arba'in da biyar suna ja-in-ja a kan wurin, kai kuma kana so ka je masa da silifa da rabin goro a aljihu.

To, Afrilun naka. Lokacin ne kogin ke janyewa, yana ta raguwa har Mayu da Yuni. A 1985 ma tsayawa ya yi cak a Yamai, mutane suka taka da ƙafa. Jirgi zai riƙa cije yashi, a ce fasinja su sauka su tura, kuma na san ka, tura motar kasuwa ma sai ka tuna kana da ciwon baya. Zafi ya haura 40, ga gumin bakin ruwa wanda ba irin busasshen zafinku na Adar ba ne. Ciyawa ta bushe, shanu sun rame, kindirmon da ka taso dominsa ya zama na roƙo. Kifi kam za ka samu, don in ruwa ya ja yakan taru a gurbi mai zurfi. Dorina ma can take taruwa.

Na ji kana cewa to sai ka bari damina ta sauka. Wannan ta fi waccan muni. Gaya ce wurin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, kusan ninki biyu na abin da ke sauka a kanku, kuma damina na riga ku isa can. Hanyar da ta bar kwalta zuwa bakin kogi takan zama taɓo. A Agusta da Satumba jan ruwa ke zuwa: Sirba da Dargol da Gorouol su kwaso laka daga wajen Burkina, Mekrou da Alibori su ƙaro nasu daga Benin, kogi ya yi jajawur, yana gudu da itatuwa da bukkoki. A 2012 ya cinye gonaki da gidaje a Karimama da Malanville, a Satumban 2020 kuma ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai. Ƙara da hadarin la'asar da ke tasowa kana tsakiyar ruwa, ƙara da sauro. Sauron Dendi, wato ƙasar Gaya, ba ya tambayar ko kai baƙo ne.

Abin da direbanka bai gaya maka ba shi ne kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Ruwan da ya sauka kan duwatsun Gini da damina ba ya isowa nan take. Sai ya shiga fadamun Masina a Mali, ya bazu, ya yi watanni yana jan ƙafa, laka ta kwanta, sannan ya gangaro a natse. Shi ake ce wa baƙin ruwa, kuma wajen Disamba zuwa Janairu yake cika a ƙasarmu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Wannan shi ne lokacinka. Hanya ta bushe, jirgi na tafiya ba cijewa, burgu ya yi kore a bakin ruwa, shanu sun ƙoshi, nono ya wadata, sauro ya ragu. Ragu na ce, ban ce ya ƙare ba, saboda haka gidan sauro na cikin kaya. Ka ɗauki bargo ma, don sanyin hunturu a kan ruwa da asuba sai ya sa ka kira sunan gwaggonka, wato uwata, wadda ka daɗe ba ka aika wa ko ƙullin albasa ba.

Shiga jirgin ma da ladabinsa. Basarke zai riƙe maka baki, ka sa ƙafa a tsakiya, ba a gefe ba, ka durƙusa ka zauna inda ya nuna maka. Za ka ga ruwa na tsattsafowa ta tsakanin katako, yaro na kwarfewa da yankakken jarka. Haka abin yake, ba nutsewa ake ba, kada ka fara kalmar shahada da ƙarfi ka tsorata mata masu tallan kifi. In ka hangi wasu kunnuwa biyu ƙanana da hanci sun ɓullo suna huci, ka rufe bakinka, ka bar mai jirgi ya yi aikinsa, kuma don Allah kada ka miƙe tsaye neman hoto da wayar nan taka mai fasasshen gilashi. Kada ka ƙetare da dare. Kada ka shiga jirgin ranar kasuwa da aka lafta wa babura da buhuna har bakinsa na shan ruwa, ko da ya fi araha da dala ashirin, don na san nan ne za a kama ka. Wanka a kwantaccen ruwan gefe kuma tsargiya ce kake saye.

Akwai maganar da ba ta wasa ba. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanville, jama'a suka koma ƙetarewa ta jirgi, jami'an tsaro kuma suka sa ido sosai a bakin ruwa. Dajin W na nan kusa, kuma ƴan bindiga sun samu mafaka cikinsa a shekarun nan. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihunka. In ka isa Gaya ka tambayi hukuma da mutanen gari halin da hanya ke ciki, in sun ce a dakata, ka ci soyayyen kifinka a tasha ka juyo, ba wanda zai sani sai ni, ni kuwa zan gaya wa kowa. In an bar ka ka shiga, ka fara da gaida mai gari kafin yawo, ka kai goro na kirki.

Ka kuma shirya wa Zabarmawa. Tun daga Doso za su ga zanen Gobir a kumatunka, su tambaye ka wace kaza ce ta yi tono a nan, su karɓe maka hula sai ka fansa. Ka tanadi canji, gama can ba ni kusa balle in cece ka.

Saura matsala ɗaya, na kuma san ita ke cin ranka. Disamba da Janairu su ne lokacin da albasar da ka dasa ke neman ban ruwa ba fashi, injin na kuka tun asuba, ba ka yarda ko ɗanka ya taɓa tiyo. Wannan mai sauƙi ce. Ka bar mini garkar da kuɗin mai, da mabuɗin ɗakin da ka ɓoye ragowar albasar bara kana jiran ta ƙara tsada. Zan kula da su tsakani da Allah, in cire kuɗin sharata na shekarun da ka yi kana ɓuya duk ranar cika-ciki. In ka tashi dawowa, kwali guda na bandar kifi nawa ne, manya, ban da tarwaɗar da ta karye.