Ankon da Gara Ta Ƙi Ci

Ranar Talatar nan aka aiko mana da ankon suna. Suna fa, ba aure ba. Jariri ko cibiyarsa ba ta faɗi ba, an riga an fitar masa da atamfa koriya mai zanen fanka, turmi jikka tara, kuma muryar da ta biyo bayan hoton a WhatsApp ta ce wadda ba ta ɗinka ba kada ta matso kusa da mai jego lokacin ɗaukar hoto. Uwargida ta miƙo mini salular ba ta ce uffan ba. Na kalli fankar, na kalli rufin ɗaki.

Na ce, "To na bukin ƴar Yaya fa, na watan jiya? Ai shi ma kore ne."

Ta ce, "Haba Malam! Wancan ai an gan shi."

Zane bai yage ba, bai koɗe ba, ko ruwan wanki bai taɓa sha ba. Laifinsa guda, an ɗauke shi hoto an sa a waya, dangi na Maradi da na Damagaram da wata da ke aure a Arlit duk sun gani sun ce masha Allah. Daga ranar ya gama aiki, sai ritaya a ƙasan akwati.

Don in kafa hujja na shiga ɗakin shirgi in ƙirgo mata tsofaffin ankon da ke jibge, a can na tarar da abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ashe gara ta shiga ɗakin tun damina. Ta cinye kwalin da kayan ke ciki. Ta cinye ƴar sharar marigayi Baba ta saƙi, wadda na adana don tunawa, ta bar mini wuya da bakin aljihu. Ta ci takardun lakkwal na yara, ta ci ƙafar kujera ƴar tsugunno, har ta soma taɓa azara. Amma ankon Uwargida na nan tsaf a ninke, sai sheƙi suke yi. Na duƙa na duba da kyau. Ƴar hanyar ƙasar nan da gara ke ginawa ta taho sak daga gindin bango, da ta iso bakin ankon farko sai ta karkace, ta kewaye shi ta hagu, ta wuce abinta ta ci gaba da kwali.

Ku tsaya ku ji wadda ake magana a kanta. Garar ƙasar nan, daga Sarkin Hausa har Mayahi har Tasawa, ba ta san zaɓen abinci ba. Ita ke kayar da rumbu da tsakar dare. Ita ke cinye dirkar rumfa ta bar mai gida a rana. Ta ci allon almajiri, ta ci ƙotar hauya, ta ci takardar gona ta bar ƴan'uwa suna shari'a shekara da shekaru a ƙofar sarki. Tun da nake ban ji an ce ta ɗanɗana abu ta tofar ba. Wannan halitta ce fa ta zo ta shinshina abin da matanmu ke sayar da awaki su saya, ta ce na gode, a kai kasuwa.

Tun ranar nake hango yadda aka kwashe a cikin suri. Ƴan leƙen asiri sun dawo a guje sun faɗi gaban sarauniya: ranki ya daɗe, mun samo ɗaki cike da zannuwa, ninki a kan ninki, ba mai gadi. Aka rangaɗa guɗa, aka tashi runduna. Ta gaba ta kai baki, ta ja da baya, ta sake kaiwa, haƙori ya zame. Aka ce ko sabon shiga ce, a kira manya. Aka tallabo tsohuwar cikinsu, wadda ta ci lefen amare da dama a zamaninta, ta lasa, ta yi shiru, can ta ce, "Ƴaƴan nan, wannan ba tufa ba ce, ku koma kan kwali." Ina jin daren nan ba a yi barci a surin ba, tsofaffi na ba yara labarin shekarun gwado da saƙi, lokacin da zane ɗaya ke ciyar da zuriya har kaka, yara na cewa kai Inna, ban da ƙari.

Saboda haka ga shawara kyauta ga hukuma. A hutar da ma'aikatan duwan daga kwance dila a Ɗan Isa. A gina suri a bakin iyaka, a ba gara kaki da lamba, duk atamfar da za ta shigo a yanki ƙyalle a ajiye mata ya kwana. Wanda aka wayi gari an ci, a buga wa dilarsa hatimi ta wuce, auduga ce. Wanda aka tarar lafiya lau, a rubuta shi a layin bokiti da buta da silifa, a karɓi kuɗin fito na kayan roba. Ma'aikaciya ce da ba ta hutun ƙarshen mako, ba ta yajin aiki, albashinta kuma shi ne ƙyallen da aka kawo gwaji.

Don kuwa gara ce da gaskiya. Zaren waɗannan yadudduka daga man fetur ake yin sa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da baƙar ledar da ke lilo a kan kowace aduwa tsakanin Gazawa da Tasawa, kuma fiye da rabin zaren da duniya ke sarrafawa yau irinsa ne. A 2014 Nijar ta yi dokar hana shigo da leda da sayar da ita. Leda ba ta ji ba, mu kuma muka ƙara da kai ta wurin tela, a yi mata aiki a wuya, a turara ta da turaren wuta, a shiga ranar bazara da ita ana tsiyayar gumi ana cewa kwalliya. Ko tsumma ba ta yi. Ki goge ruwa da ita, ta tura ruwan gaba. Ki sauke tukunya da ita, ta narke ta manne miki a yatsa. Ki jefar a bola, shekara ta zagayo iska ta kwaso ta ta dawo miki da ita ƙofar gida, launinta ko gezau.

A gidan da na tashi, riga ba ta mutuwa sai ta ga jikoki. Babbar riga in ta gaji a jikin mai gida, a rage ta a yi wa babban ɗa taguwa. Ya girme ta, ƙane ya gada, da faci a kafaɗa wanda ko a mafarki bai haɗa dangi da uwar rigar ba. Daga nan ta koma majanyin goyo, ta koma shimfiɗar jariri, ta koma gammon ɗaukar tulu, ta koma tsumman sauke tukunya. In ta yi baƙi ƙirin har ba a gane asalinta, Kaka ta yage ta siri-siri, ta murza a cinya, ta yi lagwanin fitila. Rigar da aka je ɗaurin aure da ita, ita ke haska wa jikan angon allo da dare. Ba wanda ya kira taro a kan haka, ba wanda ya ba Kaka takardar yabo. Talauci muka kira abin, muka yi ta roƙon Allah ya raba mu da shi.

To ga shi Turai ta gano. Tun ƙarshen 2023, a Faransa in ka kai tsohuwar riga ko takalmi gyara ana rage maka kuɗin aikin, daga Yuro 6 zuwa 25, don dai kada ka jefar. Yuro 25 ya haura jikka goma sha shida. A kan faci! Da a zamanin Kaka aka yi wannan tsari, da ta bar mana gidan siminti a Maradi da mota a ƙofa. Mu da muka gaji sana'ar tun kaka da kakanni, yau yaro ya ga faci a wandonsa sai ya ce shi da lakkwal sai an saya sabo.

Wani ɗan ƙanwata da ke aiki da wani furoje ya dawo daga taro a Yamai, ya ritsa mu a fada ana jiran shayi na biyu, ya shiga yi mana wa'azin tufafi da muhalli. Ya ce masana sun ƙiyasta ƴar rigar kanti guda ta auduga na shan ruwa lita 2,700 tun daga gona har ta iso hannun mai saye. Na buga lissafi a ƙasa da yatsa, jarka 108 ke nan mai cin lita 25. A je a gaya wa matar da ke tsaye a bakin rijiya a arewacin Mayahi tun asuba, tana jiran bijimi ya jawo guga. Ya ce a kasuwar Kantamanto da ke Akra, babban birnin Gana, gwanjo wajen miliyan 15 ke sauka duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari a bola suke ƙarewa, wasu har bakin teku. Duk muka jinjina kai. Sai idona ya sauka a kan rigar da ke jikinsa, sabuwa fil, ta roba, da hoton itace a ƙirji da sunan taron a baya.

Na ce, "Ɗana, ta taron bara fa?"

Ya ce, "Kawu, ai taken bana daban ne."

Ashe su ma anko suke yi.

Kada maza su yi saurin dariya. Na san Alhazan da Salla ba ta yi musu sai da sabuwar gezna, wadda kamfanin Getzner ke saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Ita kam auduga ce, gara za ta sa mata albarka. Amma wanki guda ta sha Alhaji ya ce ƙyallin ya tafi, a rataye. Alhali a watan Janairun 1851, da Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa a hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, mu ke tufatar da mutane. Shi ya rubuta cewa kayan da ake saƙawa ake rinawa a Kano na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Auduga a gonar bayan gari, tsofaffi mata su gurje su kaɗa da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga har ta ɗauki ido. In ta koɗe a mayar da ita marina ta fito amarya. Yau marinar Ƙofar Mata ta Kano ta zama wurin kai baƙi su ɗauki hoto.

Akwai inda dariyar ke tsaya mini a wuya. Muna da maƙwabciya, mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa. Ta daina zuwa buki. Duk ranar da aka yi taro a unguwa sai ta aiko cewa kanta ke ciwo, kowa kuma ya san ciwon kan nan turmi ne da kuɗin ɗinki. Wata ta ɗebi gero tiya-tiya daga rumbu a ɓoye ta sayar da rani don kada kishiya ta fi ta a hoto, damina na tsakiya mai gida ya fita neman bashin hatsi ninki biyu. Mai fitar da ankon kuwa sau da yawa ta riga ta ɗora ribarta a kan kowane turmi. An zo taya ki murna, ke kuma kina cin kasuwa a kan ƴan'uwanki, sannan ki tsaya a bakin ƙofa kina duba wa ta sa wa ba ta sa ba. Ko mai karɓar haraji in aka ce masa sai kaka yakan juya. Ke ba ki san sai kaka ba.

Af, maganar gwanjon da ɗan ƙanwata ya yi ta tuna mini. Don Allah wa ke aiko mana da rigunan sanyin nan? Na ratsa layin ƴan bosho a kasuwar Tasawa da tsakar rana, zafi ya haura 40, ko jaki ya nemi gindin bango, sai ga wata kwat a rataye, kaurinta kamar katifar amarya, da gashin wata dabba a wuya. An ɗinka ta ne don ƙasar da ƙanƙara ke rufe mota. In ka bi sawun irinta sai ka ji kunyar fasfonka. Wani ya sa ta a can ya gaji, ya jefa a akwatin sadaka, aka danne ta a dila, ta hau jirgin ruwa. Da can Kwatano za ta sauka ta miƙo arewa, amma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 sai ta Lome, ta ratsa Burkina cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja, ta kwana Yamai, ta huta Maradi, ta hau saman wata mota tare da buhunan albasa. Ko mahajjatan ƙafa na da ba su yi yawonta ba. Na zura hannu a aljihunta na zaro safar hannu, wari guda. Ɗayan na can wata nahiya.

Na ce, "Malam, wa zai sa wannan a garin nan?"

Ya ce, "Alhaji, ai hunturu na tafe."

Na ce saura wata bakwai. Ya ce shi ya sa yau take jikka uku, ran da sanyi ya sauka ko da biyar ba zan taɓa wuyanta ba. Kafin in buɗe baki wani ɗan kabu-kabu ya faka, ya zura ta a kan rigarsa, ya ja zif har haɓa, ya leƙa madubin babur ta dama ya leƙa ta hagu, ya tambaya ko akwai mai hula.