Lambun Bokiti

Ranar da mai gwari a kasuwar 'Yankaba ya ƙirgo mini tumatir huɗu a leda ya ce na dubu ɗaya ne, ranar na yanke shawarar zama manomi. Farkon daminar 2024 ne, tsutsar nan da manoman Kura da Kadawa ke kira sharon ta gama da gonaki, miyar kowane gida ta koma kuka.

Matsalar ɗaya ce: gidan haya nake, tsakar gidan kuma siminti ne har bakin ƙofa. Sai TikTok ya kawo ɗauki. Wani bawan Allah ya nuna dabarar bokiti biyu, ɗaya cikin ɗaya. Na ƙasa ruwa, na sama ƙasa da taki, a huda gindinsa a zura tsumma. Tsumman ne zai riƙa jan ruwa zuwa saiwa, kamar yadda lagwani ke jan kananzir a fitilar ƙwai. Wai sai ka yi mako ba ka yi ban-ruwa ba. Ga malalaci irina, wannan ai wahayi ne.

Na sayo bokitan fenti goma sha biyu, da iri, da buhun kashin awaki. Lagwani kuwa na yayyanko shi daga wani zani da na tsinta a bayan ƙofa, auduga ce mai kyau, tana shan ruwa.

"Baban Ummi, ina ankon bikin ƙanwata?"

Na ce Allah ya bayyana shi. Ya kuwa bayyana, yanki shida, kowanne yana reto a gindin bokiti.

Abin da ban kalla ba shi ne ƙarshen bidiyon, inda ake huda bokitin ƙasa a gefe don rarar ruwa ta fita. Aka kwana biyu ana sheƙa ruwan sama, tumatirina suka tsaya tsamo-tsamo har wuya. Saiwa ta ruɓe, tsakar gida ta ɗauki warin kwata. Da na ɗaga bokiti, sai ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, sun fi jama'ar unguwarmu yawa. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, in kiwo ka fara, a daure a sa musu turke."

Biyar suka mutu. Na shida kuwa, tabarkalla! Kore shar, ganye luf-luf, kullum ƙara tsawo yake. Na kewaye shi da ragar kaji saboda akuyar mai gidan haya. Na kafa masa sanda. Na ɗauki hotonsa na tura wa abokan aiki, har wani ya nemi in koya masa. Da ya yi fure rawaya, na ce wa uwargida ta fara wanke turmi.

Ana haka Inna ta zo daga ƙauye ganin jikoki. Na ja ta har gaban bokitin, ina ta bayanin lagwani. Ta sunkuya, ta murza ganye ɗaya, ta shinshina.

"Ɗan nan, wa ya ce ka killace tafasa?"

Ashe a cikin kashin awakin irinta ya zo. Mako bakwai ina gadin ciyawar da ke cike da kowace bola a Kano.

Inna ba ta ƙara cewa komai ba. Ta tsinke ganyen tas, ta dafa, ta aiki Ummi sayo ƙuli-ƙuli. Da za a haɗa kwaɗon ta ce yana son tumatir, sai na ɗauki hulata na nufi 'Yankaba.