Eh, Kumbon Kwali Nake Yi, Sai Me?

Na san ku, Kanawan cikin ganuwa. Tun kafin ku gama karanta kan maganar nan wani ya riga ya taɓe baki, wani ya ce Allah Ya shirya, wani kuma ya hau cigiyar ko ɗan unguwarsu ne ya rubuta, don ya kai wa dattawan gidansu rahoto. To ku kwantar da hankalinku, ba kama ni aka yi ba, ni na kawo kaina. Magidanci ne ni, da gemuna da iyalina, kuma idan na dawo daga wajen nema na yi sallar isha'i, sai in baje kwali da almakashi da gam a kan tabarma in hau ƙera kumbo, wato jiragen sararin samaniya irin waɗanda ake gani a finafinan almarar kimiyya. Ba na sayarwa ba ne, ba yara nake yi wa ba, babu kuma wanda ya ba ni kwangila. Sha'awa ce kawai. Ku gama dariyar, ina jira.

Kun gama? Madalla. Bari in fara da kai, Alhaji na Kantin Kwari, don tun ɗazu na ga bakinka yana motsi, kuma na san tambayar da ke cinka: nawa ake samu? Alhaji, ko sisi. Hasali ma ni nake zubawa. Na ga ka dafe ƙirji, a kawo wa Alhaji ruwa. A garin nan idan mutum ya ce yana yin abin da babu riba a cikinsa, sai a fara tunanin kai shi wajen masu ruƙiyya. Amma ranka ya daɗe, dokin nan da kake ciyarwa shekara guda cur, ga dusa ga harawa ga kanwa ga albashin mai kula da shi, don kawai ka hau ran hawan Daushe a yi maka jinjina, nawa yake kawo maka? Tantabarun da ƙaninka ya cika soro da su fa? Ni dai kumbona ba ya cin dawa, ba ya harbi, kuma bai taɓa sa ni zuwa wajen likitan dabbobi da tsakar dare ba.

Sai ku 'yan majalisar mai shayi, masu tambayar da kuke ganin ita ce za ta kashe bakina: to yana tashi? Ba ya tashi. Ko ɗaga shi sama na yi na saki, ƙasa zai yo. Amma ku matso in faɗa muku abin da zai sa ku ajiye kofi. Na cikin fim ɗin ma ba ya tashi. Ƙaton jirgin nan da ya rufe allo gaba ɗaya a farkon fim ɗin Star Wars na 1977, wanda ya sa Turawa suka saki baki a sinima, samfuri ne da aka haɗa da hannu, tsawonsa wajen ƙafa uku. 'Yan ƙananan tarkacen da ke jikinsa, waɗanda za ka rantse injina ne, daga kayan wasan tankokin yaƙi da jirage aka ɓalle su aka liƙa. Enterprise na shirin Star Trek, wanda aka fara nunawa a 1966, katako ne da roba, tsawon ƙafa 11, kuma yanzu haka yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a birnin Washington, mutane suna tururuwar kallonsa. Magidanta irina ne suka zauna suka yi su. Su an kira su gwanaye an ba su albashi, ni kuna kirana sakarai. Ku kuwa da kuke raba dare kuna musu a kan Arsenal da Manchester har jijiyar wuya ta tashi, ku gaya mini ranar da aka aiko muku da kasonku na kofin.

Ga Gwaggo can tana cewa wasan yara ne, babba da shi ba ya jin kunya. Gwaggo, Allah Ya ƙara girma, gaskiyarki. Wasan yara ne, kuma yaran cikin birni ne suka koya mini. Duk wanda ya tashi a lungunan Yakasai ko Mandawari ko Jakara ya ce bai taɓa yin motar kara ba, a bincike shi, baƙo ne. Mun feƙe karan dawa mun zare ɓawonsa sille-sille, mun yanka totuwa mun soka, mun fitar da babbar mota har da bodi da gurbin ɗan kamasho. Mun lanƙwasa langa-langa, mun yanke tsohon silifa mun yi taya, mun fasa gwangwanin madara mun yi tankar mai. Babu wanda ya ba mu zane, babu wanda ya koya mana awo, ido ne da hannu. Wannan Alhajin da ke hararata, shi ne sarkin motar waya na layinsu, har haya yake bayarwa ana biyansa da alewa. Ashe tun lokacin ribar yake nema. Abin da ya raba ni da ku kawai, ku kun daina, ni na canja daga mota zuwa kumbo.

Kuma kafin ku ce aikin banza ne mai sauƙi, ku zo ku ga yadda ake yi. Da farko sai ka samu zanen jirgin a baje, kowane ɓangare an shimfiɗa shi a kan takarda da 'yan kunnuwa a gefe inda gam zai kama. Akwai masu zanawa da fensir da rula, akwai masu buɗe shi da manhajar kwamfuta irin Pepakura ta 'yan Japan su kai a buga musu a kan kwali mai ɗan kauri. Yanka da almakashi shi ne mai sauƙin. Aikin yana wajen karya kwalin. Ba a naɗe shi haka kawai, sai ka ɗora rula a kan layi ka bi da bayan reza, ko da biron da tawadarsa ta ƙare, ka danna yadda zai yi shaida amma kada ya huda. In ka matsa da yawa ya rabe biyu, in ka sassauta ya karye a karkace. Injin jirgin, wanda yake zagayayye, sai ka murza kwalin a jikin muciya ko marfin alƙalami har ya saba da lanƙwasa kafin ka haɗa bakinsa. Gam kuwa, farin nan na kafintoci, da tsinken sakace ake ɗiba. Ɗigo ɗaya ya yi yawa, sai takarda ta jiƙe ta yi tudu. Ka haɗa kunne da kunne, ka matse da yatsa biyu, ka yi shiru kana jira ya kama. A nan ne ake gane mai haƙuri. Faifan gaban Enterprise kaɗai yanka-yanka ne da yawa da za su haɗu su ba da da'ira, kuma idan na farko ya goce da kaurin farce, kafin ka zagayo na ƙarshe ya buɗe baki ya ƙi rufuwa.

Garin namu ma yana da nasa sharaɗin. Da hunturu gam yana bushewa kafin ka daidaita hannu, ƙura kuma ta bi kowane lungu na jirgin ta kwanta. Da damina kwali ya sha danshi ya yi laushi, fikafikai su sunkuya. Wanda ya yi tsimi ya dama sitaci a maimakon gam, to ya yi wa kyankyasai walima. Ga kuma babbar rundunar da ta fi ta kowane fim haɗari, wato yaran gida, da uwargida idan tana neman abin hura gawayi. Jirgin da ya tsallake waɗannan duka ya cancanci a yi masa kirari.

Na hango ɗan boko ya gyara tabarau zai ce ai wannan al'adar Turawa ce, mu ina ruwanmu da tatsuniyar taurari. Malam, da ka rage kallon waya ka leƙa 'yan littattafai na Kasuwar Kurmi. A 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauke 'yan sama jannati a duniyar wata, a shekarar ce aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi, da Hausa tsantsa. A ina aka buga? A Zariya. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Zagezagi, waɗanda muke yi wa kallon ba su iya komai ba sai dogon Turanci, sun riga mu zuwa sama da fiye da shekara hamsin, ko da a takarda ne, mu muna nan muna ƙirga canji. Yanzu da ɗan Kano ya tashi zai rama mana, maimakon ku yi masa guɗa, sai ku ce ya zare?

Takardar ma da kuke rainawa, kakanninku ba su raina ta ba. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana sayar da takarda a kasuwa, wadda aka ɗauko daga Italiya aka ratso Sahara da ita a bayan raƙuma, mai tambarin jinjirin wata uku. A kanta malamai suka rubuta ilimin da muke alfahari da shi, dukawa suka ɗinka mata gafaka. Garin da ya yi suna da marinar Ƙofar Mata, da maƙera, da majema, da masu ɗinkin hula, yau shi ne ake yi wa mai aikin hannu dariya a cikinsa. Kuma garin nan yana cikin wuraren farko da jiragen sama suka sauka a Nijeriya, guda uku daga Masar, a Nuwamban 1925. Na tabbata ran nan ma akwai wanda ya tsaya a gefen fili ya riƙe haɓa yana tambaya nawa ake samu.

Allah gafarta Malam, na ga ka yi gyaran murya. Kada ka damu, babu mai rai a ciki. Ba mutum, ba tsuntsu, ba dabba, inji ne zalla. Kuma in aka kira salla almakashi ajiyewa nake yi, wanda ba kowane mai kallon ƙwallo ne zai iya rantsuwa a kai ba.

To, zolaya gefe guda, akwai inda maganar take da nauyi. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa biyu wani ɗan abin wasa na takarda da gora da roba, ana murza shi ya tashi sama. Suka yi wasa da shi har ya lalace, suka zauna suka ƙera nasu. Su ne 'yan gidan Wright, waɗanda suka tashi jirgin sama mai inji a 1903, tashin farko na daƙiƙa 12 kacal. Da a wani lungun namu ne, da an ce su tashi su je aike. Wani masanin Japan, Koryo Miura, ya fito da wata dabarar naɗe takarda da ake warwarewa da ja ɗaya, kuma da ita aka naɗe faifan hasken rana na wani tauraron ɗan adam da ƙasarsu ta harba a 1995. In kun ce waɗannan na nesa ne, ga na gida. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen ƙarafa da injin mota Honda Civic da kujerun Toyota. Bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, amma ya ɗaga. A shekarar ce kuma kamfanin General Motors ya nuna samfurin motar Chevrolet Volt, wadda Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ya zana siffarta. Nijeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003, amma a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka cilla shi. Hannun da zai ƙera mana na gaba a gida ba daga sama zai faɗo ba, yana cikin yaran nan da ake kora daga zaure saboda sun tara tarkace.

Kada ku je ku ce na ce duk mai yankan kwali zai zama injiniya. Ni ga ni nan, ban zama ba, ban kuma nema ba. Abin da na samu shi ne hannu mai natsuwa, ido mai gane karkata, da dare mai wucewa ba tare da na ci naman kowa a majalisa ba. Wannan ma ya ishe ni riba, ko da Alhaji ba zai iya rubuta ta a littafin ciniki ba.

Roƙona gare ku, iyaye maza da mata na cikin birni, guda ne. Idan kuka ga yaro ya tsinci kwalin taliya ko na sabulu ya zauna yana yanka yana liƙawa, kada ku tattake, kada ku ce ya cika gida da shara. Ku saya masa rula da gam, ku ba shi almakashin da ba na ɗinkin uwarsa ba, ku tambaye shi me yake ƙerawa, ku kuma tsaya ku ji amsar. Kai kuma Alhaji, na san in kowa ya watse za ka zagayo ta bayan layi ka ce a nuna maka yadda ake yin fiffiken nan, wai jikanka ne yake so. Ka zo, ba zan faɗa wa kowa ba. Amma ka taho da kwalinka, don na gidana ba na kyauta ba ne, ni ma Bakano ne.